ƘARAMIN SANI ƘUƘUMI NE: A DAINA ZAGIN MASU GYARAN KEKE

'Yan uwa na Ikara da Makarfi da Kudan, na gida da waɗanda neman abinci ya fitar.

Maganar wannan mako a kan keke take, da masu gyaransa. Mun san wani zai yi tsaki ya ce, ga tsadar taki, ga tsadar magani, ga hanyoyin da damina ta cinye, sai a zaunar da mu a kan keke? A yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Abin da yake kai yaro makaranta, ya kai manomi fadama, ya zagaya da mai biredi ƙauyuka kafin azahar, ba abin rainawa ba ne.

Kowa ya san yadda aka yi keke ya dawo. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na kama mulki. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Mai babur ya fara lissafi kafin ya tada shi. Kuɗin acaɓa daga ƙauye zuwa gari ya tashi. Sai aka shiga zaure da bayan rumbu ana jawo tsofaffin kekunan da aka jingine shekara da shekaru, ana kakkaɓe su. Malamin firamare, ɗalibin kwalejin lafiya ta Makarfi, mai rake da ke fito da kaya bakin titi, mai lambun tumatir a Hunkuyi, da yawa sun koma kan sirdi.

Da keke ya dawo, sai wata magana ta biyo shi, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ana ta yaɗa ta a majalisu da cikin waya: wai masu gyaran keke macuta ne, wai babu wani ilimi a gyaran keke, wai duk mai wayar da ke shiga YouTube ya sayi sifana biyu da filaya ya rabu da su har abada. Mu dai ba mu yarda ba. Maganar tana da daɗin ji, amma ƙarshenta asarar kuɗi ne, wani lokaci har karaya. Idan kuma ta karɓu, za ta kashe mana sana'ar da ba mu da madadinta.

Bari mu fara ba masu wannan magana haƙƙinsu, don ba daga sama suka ɗauko ta ba. Akwai mai gyaran da za ka kai masa huji ɗaya ya ce uku ne. Akwai wanda zai karɓi kuɗin sabon tub ya sa maka na hannu. Akwai wanda zai ce ka dawo bayan la'asar, ka dawo ka tarar ko taɓa keken bai yi ba, gobe ma haka. Akwai wanda zai miƙa aikin birkinka ga yaron da ya fara koyo makon jiya, shi kuma ya tafi wajen mai shayi. Duk wannan yana faruwa, kuma wanda aka yi wa ba a hana shi jin haushi. To amma wace sana'a ce babu irin waɗannan a cikinta? Akwai tela mai cin yadi, ba mu ji an ce kowa ya sayi keken ɗinki ya ɗinka rigar sallarsa ba. Akwai birkila mai rage siminti, ba mu ga an ce kowa ya gina ɗakinsa da hannunsa ba. Maganin macuci shi ne a gane shi, a guje shi, a koma wa mai gaskiya. Ganewar kuwa ba ta yiwuwa sai mai keke ya san kekensa. Saboda haka mu ma muna cewa a koya. Inda muka rabu da su shi ne a kan abin da za a koya, da kuma inda ya kamata mutum ya tsaya.

ABIN DA KE WUYAN MAI KEKE

Akwai ayyukan da abin kunya ne a ce mai keke bai iya su ba. Na farko iska. Faci da yawa ba laifin ƙaya ba ne, laifin rashin iska ne. Idan taya ta yi laushi ta daki dutse ko bakin rami, rim ne yake matse tub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Taya mara iska tana sa keke nauyin tuƙi, gefenta kuma yana tsagewa da wuri. Famfo ɗaya a gida, da matsa taya da babban yatsa kowace safiya, ya isa ya rage maka zuwa wajen mai faci.

Na biyu sarƙa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai a jikin sarƙa, sai ta zama kamar yashin niƙa, tana cin ƙarfe a hankali. Da damina kuma taɓo da ruwa su wanke man su bar tsatsa. A wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, a bari ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta a kan kowace gaɓa, sannan a goge wanda ya yi yawa da tsumma. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda mutane suka fi so don kyauta ake samunsa, ya riga ya kwaso dattin inji, kuma yana kama ƙura fiye da kima. Sannan kada a bari mai ya taɓa rim ko robar birki, don birkin da ya sha mai santsi yake yi.

Na uku faci. Duk wanda ke shiga daji da keke, ya kamata a ce ya iya shi, don ƙaya ba ta neman izini kuma ba ta duba ko akwai mai gyara kusa. A nemo hujin cikin ruwa, a goge wurin ya bushe, a kankare shi ya yi kaushi, a shafa sholisho siriri, a jira ya sha iska ya daina danshi kafin a ɗora facin a danne. Gaggawar ɗora faci a kan ɗanyen sholisho ita ce take sa ya ɗaye kafin a isa gida. Kafin a mayar da tub kuma a shafa cikin taya da yatsa a hankali, a cire ƙayar, in ba haka ba ita ɗin ce za ta sake huda shi.

Na huɗu duba noti da birki kafin hawa. A girgiza ƙafa a ji ko tana lilo, a duba notin kariya da na sirdi, a matse birkin gaba da na baya a tura keken a ga ko ya tsaya. Aikin minti ɗaya ne.

Wannan shi ne gyara kayanka, wanda Bahaushe ya ce bai zama sauke mu raba ba. Mai gyara na ƙwarai ba ya baƙin ciki da shi. Hasali ma ya fi son keken da aka kula da shi a kan wanda za a jawo masa duk noti ya ci tsatsa ya ƙi kwancewa.

INDA SANIN WAYA YAKE ƘAREWA

Daga nan kuma sai a shiga gonar masu ita. Mu ɗauki ƙafar keke. Wayoyin da ke riƙe rim sun haura talatin, rabi suna ja dama, rabi suna ja hagu, kuma daidaituwar wannan jan ce take sa ƙafa ta miƙe. Idan waya ɗaya ta tsinke, ƙafar ta fara rawa. Mai ƙaramin sani sai ya ɗauko filaya ya ɗaure wayar da ke kusa da inda ya ga lanƙwasar. Wurin ya ɗan miƙe, wani wurin ya karkace. Ya bi can ya ɗaure, nan ya dawo. Kafin ya farga ƙafar ta zama ƙwai, kawunan wayoyin sun cinye, filaya ba ta kama su, aikin da za a gama a zama ɗaya ya koma sayen sabon rim. Gogaggen mai gyara yana juya ƙafa yana kallon tazararta da robar birki, yana sassauta nan kaɗan, yana ɗaure can kaɗan, har yana kaɗa wayar ya ji ƙararta ya san ƙarfin janta. Shekaru ne suka koya wa yatsunsa wannan. Bidiyon minti takwas ba ya ba da shi.

Ga boris. A cikin cibiyar kowace ƙafa akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke juyawa cikin giris, na gaba ƙanana, na baya sun fi girma. Abin da ke matse su idan aka ɗaure shi da yawa sai su riƙa niƙa mazauninsu, idan aka bar shi sako-sako ƙafa ta riƙa lilo har ta cinye cibiyar. Tazarar da ke tsakanin ɗaurin da ya yi da wanda ya ɓata ba ta kai rubu'in juyi ba, kuma da ka ɗaure notin kulle sai saitin ya sake motsawa. Wanda ya kwance wannan wuri a tsakar gida, boris biyu suka gangara cikin ƙasa kaji suka bi, sai ya mayar da ragowar ya ce ai ba komai. Bayan wata guda ya ji ƙafa tana gurnani, ya fara zagin kayan China.

Ga feda. Mutum nawa ne suka san fedar hagu a juye haƙoranta suke, ana kwance ta ne ta wajen da ake ɗaure ta dama? Wanda bai sani ba yana ƙara ɗaure ta yana zaton kwancewa yake yi, har ya sa bututu a kan sifana ya taka da ƙafa, ya cinye haƙoran ƙarfen da ke riƙe ta. Haka kotar da ke riƙe hannun feda a tsofaffin kekuna: wanda ya dinga dukanta da guduma ba tare da ya tallafe ƙarfen daga ƙasa ba, boris ɗin tsakiya yake farfasawa bai sani ba.

Ga sarƙa da firwil. Tare suke tsufa. Sarƙar da ta ci ta miƙe tana sassaƙe haƙoran firwil su dace da ita. Ka sa sabuwar sarƙa a kan tsohon firwil, sai ta riƙa tsalle duk lokacin da ka taka da ƙarfi, wato daidai lokacin da kake hawan tudu da kaya. Mai gyara da kallo ɗaya zai ce maka ko dai a canza su tare, ko a bar su tare su ƙarasa.

Duk waɗannan asarar kuɗi ce, ana iya jurewa. Wanda ba a jurewa shi ne fok da birki. Keken da ya yi karo, ko ya faɗa rami da nauyi, fok ɗinsa yana iya lanƙwashewa baya, ko ya tsage a ƙarƙashin fenti inda ido bai saba dubawa ba. Mai ƙaramin sani ya sa ƙafa ya take ya miƙar da shi, ya ga ya yi kyau. Ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙar ya riga ya yi rauni, kuma ranar da zai karye ba ya sallama: ƙafar gaba ce za ta tafi, fuska ta sauka a ƙasa. Kekunan Kwatano da suka cika kasuwa yanzu, da yawansu jikin alminiyom ne, wanda waldar bakin titi ta yau da kullum ba ta kama shi yadda take kama baƙin ƙarfe. Mai gyaran da ya san aikinsa zai gaya maka wannan fok ɗin ya mutu, a canza shi, ko da ranka bai so ba.

Birki kuwa, duk wanda ya taɓa fitowa babban titin Zariya zuwa Kano ta wajen Tashar Yari da damin rake a bayansa, tirela na wucewa iskarta na tura shi, ya san darajarsa. Birkin sanda na manyan kekuna yana da gaɓoɓi da yawa, kowace da notinta, kuma idan robar ba ta zauna daidai a kan rim ba, ko dai ta ƙi kamawa ko ta kama gefe ɗaya. Rim ɗin baƙin ƙarfe idan ya jiƙe da ruwan sama, birki yana jinkirin kama shi ko da saitinsa daidai ne, balle wanda aka saita da ka. Ba a koyon wannan aiki a kan keken da 'yarka za ta hau gobe da safe.

BIDIYON BA KEKENKA YA GANI BA

Masu cewa komai yana cikin waya sun manta da abu ɗaya. Yawancin bidiyon nan a Turai da Amurka ake ɗaukarsu, a ɗaki mai tsabta, keke a rataye a kan maɗauki, kowane noti da nasa makulli, kowane kayan gyara na asali daga kamfanin da ya ƙera keken. Kekenmu fa? Jikin Raleigh ne da aka gada daga kaka, ƙafar baya ta Phoenix ɗin China, feda ta Hero ɗin Indiya, sirdi daga wani keken da ya mutu. Tayar babban keke inci 28 ce, ta ɗan Kwatano mai giya galibi 26. Bakin tub ma iri uku ne, kuma ba kowane famfo ke shiga kowanne ba. Kamfanin Raleigh na Nottingham a Ingila, wanda har masana'anta ya yi a Kano, a da ya daɗe yana yanka haƙoran wasu sassan kekunansa da nasa awo, dabam da na sauran kamfanoni. Shi ya sa za ka sayo kaya sabo fil, ka ga kamar zai shiga, ya yi juyi biyu ya cije. Ka matsa masa, ka kashe jikin keken gaba ɗaya.

Wa ya san wanne ke shiga wanne? Mutumin nan da ke zaune ƙarƙashin darbejiya da buhun tsofaffin ƙarafa, wanda ake kira jahili. A cikin wannan buhu akwai notin da ba za ka samu a Sabon Garin Zariya ba, kuma a cikin kansa akwai lissafin da babu wanda ya rubuta.

Sannan a yi lissafin kuɗin da gaskiya. Makullin cire firwil dabam, siraran sifanun cibiya dabam, makullin waya dabam, abin yanke sarƙa dabam. Kusan duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ka zuba wannan kuɗi a kan kayan da za ka taɓa sau ɗaya a shekara, ka ce kana tattali? Kayan aiki jaka ɗaya a hannun mutum ɗaya suna yi wa gari guda hidima. Wannan shi ne amfanin sana'a tun kafin a haife mu: kowa ya riƙe abin da ya iya, a yi musaya.

Akwai kuma tambayar da masu wannan kira ba sa amsawa. Saurayi mai babbar waya da kuɗin data da lokacin zama, a ce ya koya. Dattijon da idonsa ya fara rauni fa? Yarinyar da ke tuƙa keke zuwa sakandare daga ƙauyensu fa? Matar da mijinta ya rasu, keken da ya bari shi ne ke kai ɗanta talla, fa? Waɗannan ba su da wani wurin zuwa sai rumfar mai gyara. Idan masu ɗan hali suka janye cinikinsu, suka bar masa sai masu bashi, rumfar za ta rufe, kuma waɗannan bayin Allah ne za su fara ji a jikinsu.

SANA'AR DA KE ZUBEWA MUNA KALLO

Kowa ya duba garinsu, Paki ne ko Auchan, Gimi ne ko Gazara, Likoro ne ko Doka, ya ƙirga masu gyaran keken da ya sani, sannan ya duba shekarunsu. Nawa ne matasa a ciki? Yaron da ya tashi koyon sana'a yau gyaran babur yake so, ko na Keke Napep, ko ya tafi birni acaɓa, don can ne yake ganin kuɗi da mutunci. Ba mu ga laifinsa ba. Wa zai so ya gaji sana'ar da ake yini ana ciniki a kan kuɗin faci, a ƙarshe a kira ka ɓarawo?

Alhali waɗanda suka yi nazarin abin sun gane keke ba ya rayuwa inda babu mai gyara. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, tana raba wani ƙaƙƙarfan keke mai suna Buffalo ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya a karkarar ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi. Ba ta tsaya ga rabon keke ba, sai da ta haɗa da horar da masu gyara a cikin ƙauyukan, ta ba su kayan aiki, don ta san in ba haka ba kekunan za su ƙare a jingine. Abin da wasu ke kashe kuɗi su samar, mu gadonsa muka yi, ga shi ana so a zage shi har ya mutu.

Masu cewa babu ilimi a gyaran keke kuma, a tuna musu da Wilbur da Orville Wright, wa da ƙanin da suka tashi jirgin sama mai inji a ranar 17 ga Disamba, 1903. Shagon gyara da ƙera keke suke da shi a garin Dayton na jihar Ohio a Amurka, kuma da sarƙa irin ta keke suka haɗa injin jirgin da farfelarsa. Ba muna cewa kowane mai faci zai ƙera jirgi ba. Muna cewa hannun da ya san sarƙa da boris da daidaito hannun ilimi ne, a daina raina shi.

Wani abin kuma da ya bambanta mu da birni: mai gyaranmu ɗan gari ne. Ka san gidansu, ka san mahaifinsa, sahu ɗaya kuke yi. Idan ya cuce ka, akwai mai unguwa, akwai dattawan kasuwa, akwai bakin mutane wanda ya fi su duka kaifi. Idan bidiyo ya ɓatar da kai, wa za ka kai ƙara?

IDAN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Cikin masu kukan cuta, da yawa ba sa faɗin nasu rabon. Akwai wanda mai gyara zai nuna masa tub iri biyu, ya ce wannan ya fi ƙarko, wancan ya fi araha, ya zaɓi mai araha, bayan mako biyu ya zagaya gari yana cewa an sa masa jabu. Araha ba ta ado. Akwai wanda zai kwance kekensa a gida ya ɓata, ya tattaro shi a buhu ya kai, ya rantse haka kawai ya gan shi, sannan ya yi fushi don an ce aikin ya fi na da tsada. Akwai mai cewa a rubuta sai kaka, kakar ta zo ya sayar da masara ya canza hanya. Mai gyaran da jarinsa ya maƙale a hannun masu bashi da me zai saro kaya masu kyau? Dole ya koma wa na banza, ko ya fara ƙara kuɗi a kan masu biya. Cutar da ake kuka da ita, wani lokaci daga nan take tsirowa.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu masu gyara, mun tsaya muku, amma ba za mu rufe ido ba. Ku faɗi kuɗin aiki kafin ku kwance keke. Duk abin da kuka canza, ku miƙa wa mai shi tsohon ya gani da idonsa. Idan kaya iri biyu ne, ku faɗi gaskiyar kowanne. Yaro ya koyi faci da wanke sarƙa, amma aikin birki da fok kada ya bar rumfa sai maigida ya gwada shi da hannunsa. Idan aiki ya fi ƙarfinku, ku ce ya fi ƙarfinku, ba kasawa ba ce. Alkawarin la'asar ya zama la'asar. Sholishon faci kuma na faci ne: duk wanda ke sayar wa yara shi yana sane shaƙa za su yi, ya fita daga cikin waɗanda muke karewa. Kuma idan mai keke ya tambaye ku yadda ake abu, ku nuna masa. Wanda kuka koya wa faci ba ku rasa shi ba, shi ne zai kawo muku babban aiki da zuciya ɗaya, ya kuma turo muku ƙannensa.

TO MENE NE ABIN YI?

Mai keke ya mallaki famfo da kayan faci da sifana, ya riƙe ayyukan nan huɗu da muka lissafa, ya koya wa 'ya'yansa maza da mata. Ya zaɓi mai gyara ɗaya da aka shaida da gaskiya ya riƙe shi, don wanda ya saba da kekenka ya fi saurin gane ciwonsa. Idan ka kai gyara, ka zauna a benci ka kalla, ka yi tambaya, wannan makarantar ta fi ta waya kuma ba ta cin data. Sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da kuma bayan ta ɗauke, a kai keke a buɗe cibiyoyinsa a sake giris, a duba wayoyi da birki, tun bai lalace ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A biya kuɗin aiki a hannu, a daina ciniki a kan abin da bai kai kuɗin shayi da biredi ba.

Shugabannin makarantun da ɗalibansu ke zuwa da keke, me zai hana a gayyato mai gyaran gari sau ɗaya a zango, a biya shi, ya nuna wa yara faci da duba birki? Ƙananan hukumominmu uku kuma, duk lokacin da aka tashi rabon kayan sana'a, keken ɗinki da injin markaɗe ake tunawa. A sa masu gyaran keke a lissafi, a ba su kayan aiki, a tallafa wa wanda ya yarda ya ɗauki yara biyu ya koya musu.

Mai keken da ya san kekensa ba a cutarsa da sauƙi, kuma shi ne ya fi kowa sanin darajar mai gyara na ƙwarai, don ya gwada ya ga inda hannunsa ya tsaya. Wanda ya kalli bidiyo uku ya ɗauka ya gama sani, shi ne Bahaushe ya yi wa karin maganar ƙuƙumi.

Mai ja ya zo da hujja, muna saurare. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa albarka a sana'ar kowa.